Tiritiyom a Rijiyar Na Allah

Shekarar da gero ya kai iya gwiwa ya bushe a tsaye, ni ina kwalejin Tasawa ina koya wa yara yadda aka gina abin da ido ba ya gani. Fizik da shimi, wato ilimin sinadarai, nake koyarwa, kuma gwamnatin soja tana biyana ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Shi ya sa dangi ke kallona kamar wani ƙasaitaccen mutum, alhali dukiyata duka mobileti ce, ɗan ƙaramin babur, da akwatin alli. Shekarar 1984 ce. An rufe iyakar Najeriya, mutanen arewa sun fara sauka a bayan gari da tabarmi da tukwane. A rediyo ba a cewa yunwa, sai a ce ƙarancin cimaka. Mu ma muka koyi faɗin haka, don ba ka san wanda ke zaune kusa da kai a rumfar mai shayi ba.

Kowace Litinin sai in tarar wasu ɗalibai sun daina zuwa, benci ya ƙara wa waɗanda suka rage fili. Ba na tambaya. Sai in ɗauki alli in zana da'ira uku a tablo, baƙin allon aji, in fara abin da na yi shekara da shekaru ina faɗi.

“Idirojen shi ne ƙarami a cikin atom duka. Furoton ɗaya a tsakiya, elektron ɗaya yana kewaya shi, iyakar abin da ya mallaka ke nan. Amma su uku ne, ƴan gida ɗaya, kowannensu furoton ɗaya da elektron ɗaya. Kaya ne ya raba su. Na fari, purotiyom, bai ɗauki komai ba, kuma shi ne ya cika duniya. Na biyu, deteriyom, ya ɗauki nutron ɗaya, ya yi nauyi amma yana nan daram. Na uku, tiritiyom, nutron biyu ya ɗauka, kayan kuwa sun fi ƙarfinsa. Ba ya daɗewa. Ka tara su yau, bayan shekara goma sha biyu da ɗan ɗori rabi sun watse, bayan wasu sha biyun rabin sauran. Kowanne daga cikinsu ya haɗu da oksijen, ruwa ne. In ka sha, harshenka ba zai raba su ba.”

Wata yarinya daga bayan aji ta ce, “Malam, to in ba a raba su a baki, mene ne amfanin saninsu?”

Na ce, “Yana fitowa a egzama.” Ta rubuta.

A satin nan amfanin ya same ni har gida, cikin motar proje, wato aikin binciken rijiyoyi. Abdurrahamane ne, abokina tun makarantar horon malamai ta Damagaram. Shi ya yi hankali ya bar alli ya koma aikin ruwa, yanzu yana yawo da akwatunan kwalabe yana ɗibar ruwan rijiyoyi ana aikawa Turai. Halima, mai ɗakina, ta kawo mana tuwon jar dawar taimako, irin wanda sai ka tuna ladan haƙuri kafin ya wuce maƙogwaro.

“Autan nan naka nake farauta, Lawali,” in ji shi. “Tiritiyom.”

Na ce ban san ya taɓa saukowa daga tablo ba.

Ya yi mini bayani yana cin tuwon kamar bai ga launinsa ba. “Sama tana yin ɗan kaɗan da kanta. Amma tun shekarun hamsin manyan ƙasashe suka yi ta fasa bama-bamansu na nukiliya a sarari don gwaji, suka cika iska da shi, iska kuma ta raba wa kowa, har mu da ba a tambaye mu ba. Duk ruwan da ya sauka daga lokacin yana ɗauke da wannan tambari. In ka auna rijiya ka same shi, damina tana isa gare ta, ana ɗiba tana mayarwa. In babu, tsohon ruwa ne, ajiya tun kafin kakanni. Ranar da ya ƙare, ya ƙare.”

Na ajiye lomar da ke hannuna. Mahaifina na tuna.

Sunansa Na Allah, kuma ƙauyenmu da ke gefen Kanan Bakashe sunansa yake amsawa, Gidan Na Allah, don shi ya sare dajin ya haƙa rijiyar da aka zauna a kanta. Yanzu garin ya koma na tsofaffi. Ƙannena sun gangara kudu tun kafin a rufe iyaka. Dabbobi sun mutu, waɗanda suka ƙi mutuwa an sayar da su a kasuwar Mayahi a kuɗin kaza. Baba ya rame har rigarsa ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Halima ta share ɗaki ta shimfiɗa tabarmi biyu, ɗaya tasa ɗaya ta Inna. Na je na roƙe shi ya biyo ni Tasawa har na gaji da jin muryata. Amsarsa ɗaya ce: ba a barin rijiya tana da rai. In na ce masa duk wata sai an ƙara wa igiya tsawo, sai ya ce ai tana kawo ruwa. Inna kuwa, inda yake nan take.

Na roƙi Abdurrahamane kwalba ɗaya. Ya ce ƙauyenmu ba ya cikin inda aka aike shi, amma akwati ba ya ƙirga kansa. “Ka cika ta har baki, kada iska ta rage a ciki. Ka ɗaure murfi, ka naɗe da sikoci, tef ɗin nan mai manne. Kada kowa ya buɗe.”

Na ce ni malamin shimi ne.

Ya ce, “Shi ya sa na maimaita.”

Ranar Lahadi na hau mobileti. Na tarar da Baba a gindin gawon ƙofar gida, wanda aka sassare wa rassa aka ba awaki, yana zaune a inuwar da babu ita. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Mai alli yake ce mini.

“Mai alli, lahiya? Yau kuma da wane wa'azi ka taho?”

Na durƙusa muka gaisa, sannan na zana masa da'ira uku a ƙasa da yatsa. Na yi masa darasin kamar yadda nake yi wa yara, sai dai shi yana saurare.

Ya nuna ta ukun da ƙafa. “Wanga da ya ɗauki kaya biyu, wa ya aike shi?”

“Haka aka halicce shi, Baba.”

“Allah sarki.” Ya dubi kwalbar. “To yanzu kwalba ce za ta gaya mini halin rijiyar da na haƙa da hannuna?”

“Ba kwalba ba. Na'ura ce, can Turai.”

“Ta taɓa shan ruwan nan?”

“Ba sha take yi ba. Ƙirga take yi.”

“Kamar ku.” Ya gyara zama. “To ji nan. Na gaji da kai, kai ma ka gaji da ni. A kai mata. In ta ce rijiyar ta mutu, in bi ka, in je in zauna ina kallon katangarka. In ta ce da rai, ka bar ni in huta. Allah shaida.”

Na ce Allah shaida, da sauri, kafin ya canza magana. Rijiyar nan zurfinta sai ka jefa tsakuwa ka manta da ita kafin ka ji ta faɗa. Ba wata daminar zamaninmu da za ta kai can. Na riga na ci shari'ar, jira kawai ya rage.

Da kaina na ja guga, na cika kwalbar har ta tumbatsa, na ɗaure murfi. Sikocin yana cikin jakar mobileti, ladan kuma ya riga ya kira azahar, sai na shiga ɗakin Inna na ajiye kwalbar a sanyi, kusa da randa.

Inna Zara'u ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, tun da ta haife ni. Kunyar ɗan fari a wajenta ba abin wasa ba ce. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa abin da ke kusa: turmi, ko kaza, ko ginshiƙin rumfa. Ni kuma in amsa, abin ya isar mata. A ƙuryar ɗakin, kan jeren ƙore, akwai wata koriyar kwalba da aka toshe da kakin zuma, wadda na sani tun ina saurayi. Shekarar da zan tafi Damagaram, 1963, an yi ƙanƙarar da ta fasa ƙore ta kashe kaji. Inna ta fita da ƙwarya ta tsince ta, ta narke, ta ɗura a kwalbar nan. Tun daga ranar, duk wanda zai yi tafiya mai nisa daga gidan, ko zai je gaban wani gwaji, sai an ɗiga masa a harshe. Ni aka fara wa. Ƙannena ma da shi suka gangara kudu.

Ta dubi randa ta ce, “Shi kuma wanga ruwa ina za a kai shi?”

Na ce wa randar, “Tafiya zai yi har Turai, a gwada shi.”

“Hanya da nisa,” in ji ta.

Na tafi masallaci. Da na dawo na ɗauki kwalbata, a cike take har baki kamar yadda na bar ta. Na naɗe murfin da sikoci sosai, irin naɗin mutumin da ya san aikinsa.

Daga nan sai jira. Sanyi ya shigo ya fita. Sojoji suna rabon dawa a fili, mutane suna layi tun hantsi ba mai magana. Aka ce kowa ya yi noman rani, aka ba mu malamai wani fage muna ba latas ruwa, mu da ba mu taɓa cin latas ba. A hanyar Mayahi gawar shanu ta daina wari, ta koma fata da ƙashi, har ina gane inda na kai da su. Duk ƙarshen wata in kai wa su Baba dawa in dawo. Na sayi matashi na ɗaure a bayan mobileti da igiyar roba, don ƙasusuwansa ba za su jure wa ƙarfe ba. Haka na yi ta yawo da shi a gari, har abokan aiki suka fara tambaya ko amarya zan ɗauko.

Zafi ya fara sauka lokacin da Abdurrahamane ya dawo. Bai ma kashe mota ba, ya leƙo ta taga yana murmushi.

“Barka, Lawali! Duk rijiyoyin da na ɗiba a yankinku, tsohon ruwa ne, babu ko ɗigon tiritiyom. Sai ta tsohonka. Cike take da shi! Turawan sun yi ta juya maganar, suka ce wataƙila akwai tsaga a ƙasa inda ruwan sama ke zurarawa kai tsaye. Ka gaya masa rijiyarsa tana da rai.”

Na ce, “Madalla.”

“Ba ka yi murna ba.”

“Ina yi. A ciki take.”

Ya ce projen ya ƙare, an mayar da shi gabas, wajen tafki. Ya ja mota ya tafi. Na tsaya ina kallon matashin da ke bayan mobileti. Rana ta riga ta cinye launinsa.

A hanya na yi tunanin in gaya wa Baba cewa na'urar ta ce ta mutu. Wa zai ƙaryata ni? Amma mun sa Allah a tsakani, ni kuma ko ƙarya ban iya ta da kyau ba, kunnuwana ke tona ni. Na same shi a gindin gawon, ya ƙara ƙanƙancewa. Na gaya masa abin da aka ce.

Bai yi murna ba shi ma. Ya ce, “Na sani. Amma na'urar tana da kirki.”

Na ɗauki buhun dawa na shiga da shi ciki. A bakin ɗakin Inna na ga koriyar kwalbar nan a kife a kan wani kara, an wanke ta, an kankare kakin. Na daɗe ina kallonta. Karo na farko a rayuwata, ni na fara yi wa randa magana.

“Ruwan ƙanƙarar nan, ina ya tafi?”

Inna tana tsince tsakuwa daga dawa, ba ta ɗago ba. Ta ce wa faifan, “An ba matafiyi guzurinsa. Yaushe aka taɓa fitar da ɗan gidan nan gaban gwaji baki busasshe? An rage wa kwalbarsa kaɗan, aka cika da na ƙanƙarar. Dama ɗan ragowa ne, aka ba shi duka, tunda hanyarsa ta fi ta kowa nisa.” Ta hure ƙaiƙayi. “An ce ya ci?”

Na ce wa faifan, “Ya ci.”

“Alhamdu lillahi.”

Ban ji komai ba. Na tsaya da igiyar buhu a hannu, kaina yana ta aikinsa shi kaɗai, kamar yadda ya saba. 1963, shekarar da iska ta fi kowace shekara cika da tiritiyom. Ruwa a toshe da kaki, shekara ashirin da ɗaya. Rabi ya watse, rabin sauran ma ya kusa. Abin da ya rage ya isa ya sa mataccen ruwa ya yi kama da na daminar bara. Lissafin ya fita tsaf, da ɗalibi ne ya yi shi da na ba shi maki duka. A duk faɗin ƙasar Mayahi, da wuya a sami kwalbar da ta kai ta Inna tiritiyom, kuma ni na ajiye tawa kusa da ita na tafi salla.

Na koma wajen Baba na zauna a ƙasa. Na yi masa bayani a hankali, daga bama-baman har zuwa kakin zuma. Na ce ba rijiyarsa aka auna ba, ƙanƙarar Inna aka auna. Na ce gwajin ya ɓaci, rijiyar kuwa kamar sauran take, tsohon ruwa ne yana ƙarewa.

“An auna ta an ga haka?”

“Ba a auna ta ba. Amma sauran duka...”

“Ni sauran na haƙa?”

“A'a, Baba.”

“Ƙanƙarar nan, a ina ta sauka?”

“A nan.”

“A garin wa?”

“Naka.”

“To ruwanmu ne aka kai, ba na wani ba.” Ya goge bakinsa da gefen riga. “Kai ka kawo alƙalin, mai alli. Ni ban san shi ba, kai ka ce adali ne. Ya yi hukunci, sai kuma ka ce a sake?”

“A sake ɗin ya fi, Baba.”

“To kawo kwalba.”

Babu kwalba. Babu mota, babu proje, Abdurrahamane yana can gabas. Ya karanta haka a fuskata. Ya juya yana kallon wajen rijiya, inda wasu tsofaffi biyu ke jan igiya ɗaya, suna hutawa a tsakiya.

“Uwarka kada ka gaya mata,” in ji shi. “Ta yi abin da ake yi.”

Na ce to.

“Ka gaida mai ɗakinka. Ka ce ta naɗe tabarmin, kada gara ta ci.”

Na koma Tasawa da matashin babu kowa a kansa. Ban kwance shi ba, don ƙullin igiyar ya riga ya cije.

Na ci gaba da kai dawa. Duk zuwan da na yi akwai sabon ƙulli a igiyar rijiya, kuma Baba yana rage magana. Ba ya ƙorafi, ni ma ban sake roƙo ba, tunda an sa Allah a tsakani. Mu gaisa, ya tambayi lakwal, wato makaranta, in ce lafiya, in zauna kaɗan in tashi. Cikin bazara ya rasu, kafin hadarin farko. Ruwan da aka yi masa wanka daga rijiyarsa aka ja, rabi laka, sai da aka bar shi ya kwanta a tulu. Amma ta kawo. Wani tsoho ya ce mini, “Ka gani, har yau da ranta.” Na ce haka ne. Ko da rai ko babu, har yanzu ba wanda ya auna.

Inna ta yi takaba a ɗakinta. A tsakiyar takabar ruwa ya sauka, aka yi shuka da irin taimako, gero ya wuce gwiwa ya ci gaba. Ba a yi ƙanƙara ba a shekarar.

Da ta fita takaba na je ɗaukarta. Kayanta ƙunshi ɗaya ne, ta ɗora a cinya. Ta hau matashin a karkace, ta ƙi riƙe ni, ta kama ƙarfen baya da hannu ɗaya. Muka wuce rijiyar ba wanda ya waiwaya. Da muka shiga rairayin hanyar Kanan Bakashe, mobileti ta fara tangaɗi, na ji wani abu yana ƙara a cikin ƙunshin, yana bugun ƙwarya.

Ta ce wa mobiletin, “A gaya wa mai tuƙi shi rage gudu. Akwai kwalba.”

Na rage.